Takardun Bilkisu a hannun mai ƙosai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar 'yata Bilkisu, kuma a makon nan na sayi ƙosai a Ƙofar Nassarawa aka naɗe min shi da rubutun hannunta. Ɗana Kabiru, wanda na haifa da cikina, shi ya kwashe akwatin littattafanta ya rabar, wai yana son ɗakin ya jibge katan-katan na taliya. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan zo jarida in yi ƙarya ba.

Bilkisu ilimin halittun teku ta karanta, mu da ko babban kogi ba mu taɓa gani ba. Shekara uku tana zuwa bakin Bahar Maliya tana bin wani abu wai shi murjanin wuta. Na ce mata, "Murjani dai na wuya?" Ta yi dariya, ta ce kamar danginsa ne, amma wannan in ka taɓa shi sai ya ƙone ka kamar garwashi. Rai gare shi, namiji daban, mace daban. Ba sa haihuwa sai lokacin zafi, in wata ya kai wasu kwanaki. Ranar, daf da magariba, duk sai su saki wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da iri a tare, waɗanda ko kwana ba sa yi a duniya. Wanda ya makara ya yi asara.

Ranar nan take nema. Ni a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, amma lissafin wata bai taɓa ɓace min ba. Sai ta bugo waya: "Umma, yau nawa ga wata a wajenku?" In ce, "Sha shida, ke mai digiri." Ashe rubutawa take yi.

Bayan zazzaɓi ya ɗauke ta, na shiga makarantar manya da furfurata, don kawai in karanta abin da ke akwatin nan. Littafi tara ne. Na kai na biyu, Turancin yana ba ni wuya, ina bi a hankali.

Shafin da aka miƙo min, mai ya jiƙa shi sharkaf. A gefe, da Hausa, ta rubuta: "Umma ta ce sha bakwai. Sun saki." Na tsaya a tsakiyar titi, mai adaidaita yana ta danna min oda.

Da na tare Kabiru sai ya ce, "Haba Umma, ai duk yana kwamfuta."

"Wace kwamfutar? Wadda ta lalace tun kafin sadakar arba'in? Ka taɓa buɗe ko guda?"



Ina ji a rediyo ruwan teku yana ɗumama, murjani yana fari yana mutuwa. Da tana raye, na san tambayarta: ko ranar ta gusa? To wa zai gane ta gusa in ba a san ta da ba? Bilkisu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Kwanakin nan ta bari, ga su ana goge baki da su.

Mai ƙosan ta ce min su huɗu Kabiru ya raba wa, har da mai waina a Ɗan Agundi. Washegari, ina idar da asuba, na cika buhu da tsofaffin jaridu don musaya da takardun Bilkisu, na ɗora wa Kabiru a ka, na tasa shi a gaba. Muka isa gidan mai wainar tun kafin ta ɗora tanda.