A Kawo Shi Gaban Alƙali

Duk wanda ya san Baffa Ilu a Gwarzo ya san ba ya iya wuce abu a ɗaure. Ko jaki ya gani a turke sai ya ja birkin kekensa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya tambayi mai shi: "Me ya yi? An kai shi gaban alƙali?" Shekara talatin ya yi yana masinja a kotu, ko magatakarda bai taɓa zama ba, amma da ya yi ritaya sai ya ɗauko dokar gaba ɗaya ya sauke mana a tsakar gida. Ni 'yar ƙaninsa ce, don haka tun ina ƙarama nake cin moriyarta. In na yi ɓarna Inna ta kulle ni a ɗaki, sai ka ji shi daga zaure: "An ji ta bakinta?"

Kun tuna akuyar Iya Talle? Wata damina aka cinye wa mai unguwa, Alhaji Tanko, waken gonarsa, ya sa aka kamo baƙar akuyar tsohuwar aka ɗaure a ƙofar gidansa. Kwana biyu tana ta kuka. A na uku sai ga Baffa da fayil a hammata.

"Ranka ya daɗe, na zo ganin wadda ake tsare da ita."

"Ilu, akuya ce fa!"

"Na ga akuya ce. Wa ya gan ta a gonar?"

"An ce baƙar akuya aka gani."

"An ce! Baƙaƙen awaki nawa ne a unguwar nan?"

Suna cikin haka sai ga mai gadin gonar yana janye da wata akuya, ya kama ta dumu-dumu a cikin waken. Baƙa ce ita ma, kuma ta gidan mai unguwa ce! Baffa ko murmushi bai yi ba. Shi dai bai bar wurin ba sai da aka ba akuyar Iya Talle dusa kwano guda, ya ce diyyar kwana uku ce.

Daga nan shi da mai unguwa suka zama abokan musu. In aka kawo labari a rediyo na mutanen da ake tsare da su bisa zargin ta'addanci, lauyoyi suna ta gardamar ko suna da ikon kai ƙara, sai majalisa ta kaure.

"Mutum ya tayar da bam ka ce a kai shi kotu?" in ji mai unguwa. "Ya je ya yi me, ya sha shayi?"

"Ya je a tabbatar shi ne. In ba shi ba ne, ranka ya daɗe, mai bam ɗin yana gida yana shan fura, kai kuma ka sake ɗaure akuyar Iya Talle."

Muna ta dariya, ba mu san abin gidanmu zai shigo ba. Ƙanena Sale gyaran waya yake yi a kasuwar Kabo. Wata ran kasuwa jami'an tsaro suka tafi da shi, wai an ga lambarsa a wayar wani da ake nema. To mai gyaran waya, a wayar wa babu lambarsa? Ba a gaya mana inda aka kai shi ba, ba a ce ga ranar kotu ba. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, tsoro ya hana ni ko ambaton sunansa a waje.

Ran Litinin da safe Inna ta nemi kujerarta 'yar tsuguno ta rasa. Ashe Baffa ne ya ɗauke ya shiga mota sai ofishin jami'an tsaro a Kano.

"Na san halin ofis," in ji shi da ya dawo. "Za su ce babu wurin zama, ka dawo gobe. To na zo da nawa."

Haka ya riƙa yi kowace Litinin. Zai miƙa takardar koke, ya dasa kujera a bakin ƙofa, ba zai tashi ba sai an buga masa hatimi a nasa kwafin. Ambulan ɗaya tak ya yi amfani da ita duk tsawon lokacin. Suna zare takardar zai miƙa hannu: "Takardar taku ce, ambulan tawa ce."

Wata rana na karanta kwafin, raina ya ɓaci. Daga sama har ƙasa babu inda ya ce a saki Sale. Abu ɗaya yake ta nanatawa, a kawo shi gaban alƙali.

"Haba Baffa! Ka ce a sake shi mana! Ba ka san Sale ba ne?"

"Na san shi, Hajo, ni na raɗa masa suna. Amma in na ce a sake shi don na san shi, su ma za su ce sun riƙe shi don sun san shi. A kawo shi kawai, kowa ya zo da abin da ya sani."

Wata guda na yi ban kai masa fura ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kujerar ce ta yi mana rana. Wata matashiyar lauya ta gaji da ganin tsoho a tsugune a ƙofar ofis, ta tambaye shi, ya buɗe mata fayil cike da hatimai. Ta ce za ta shigar da ƙara saboda Allah. Godiyar da Baffa ya yi mata ita ce: "'Yar nan, kin san hanyar kotun, ko in raka ki?"

Lauyan gwamnati ya ce maganar tsaro ce. Ita ta ce ko tsaro ne, tsarewar sai da izinin alƙali, a nuna izinin. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa, har Sale ya haura shekara biyu a tsare kafin alƙali ya ce a kawo shi ya gan shi da idonsa.

Ranar har mai unguwa ya bi mu. Aka shigo da Sale, ya rame har sai da Inna ta duba sau biyu. Alƙali ya ce a kawo shaida. Lauyan gwamnati ya yi ta buɗe takardu, ban da lambar waya babu komai. Nan take aka sallame shi. Inna ta fashe da kuka, ni ma haka. Sai kawai Baffa ya miƙe tsaye da fayil.

"Ranka ya daɗe, ba a karanta takarduna ba!"

"Baba, an sake shi fa," in ji alƙali.

"Na ji, amma shafi arba'in ne!"

Mai unguwa ya jawo rigarsa: "Zauna, Ilu. An kwance akuyar."

"Saura dusa," in ji Baffa, yana share ido da hularsa.

Mun zaci an gama. Litinin na zagayowa Inna ta sake rasa kujera. Ashe Sale ya lissafa masa sunayen mutum bakwai da ya bari a ɗakin da aka tsare shi. Baffa bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma bai fasa zuwa ba har ƙafa ta gaza, damina ta bara kuma ya rasu. Yanzu Sale ne yake rufe shago ran Litinin, ya ɗauki kujerar da ambulan ɗin nan da duk ta sha salatif.

Allah Ya ji ƙanka, Baffa. Ka tafi gaban Alƙalin da ba Ya ɗage zama, ba Ya kuma aiki da "an ce". Allah Ya sa a karanta takardunka duka, shafi bayan shafi, Ya sallame ka da rahama. Amin.