Irin Da Bai Tsira Ba

Shekarar da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanyar Mirya, ni dillalin hatsi ne a kasuwar Zinder. Ina da mata da ɗiya ɗaya, ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Da tauye tiya na fara, daga baya na koma haɗa tsohon gero da sabo.

Sai na ji labarin wani ƙauye kusa da Dogo. Yunwa ta sa sun cinye irin shukarsu, sun haɗa awaki za su sayi wani. Ni kuwa ina da gero wanda ya daɗe a rufe har ya mutu.

Da na isa ƙauyen, ban tafi wurin maigari ba. Na zauna wurin mai shayi ina saurare. Na gane maigari ne ke yanke magana, amma sai liman ya gyaɗa kai. Liman kuma ba ya cewa komai kan iri sai yayar maigari, Gwaggo Haule, ta gwada. Takan ƙulle ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa ƙarƙashin randa ta ga ko za su tsira.

Na kai wa liman goro. Ita kuma na kai mata tiya guda ta gero mai rai, na debo mata ruwa.

Da ya tsira ta ce, “Ɗana, duk buhunan haka suke?”

Na ce, “Uwarsu ɗaya, Gwaggo.”

Ta aika wa ƙanenta: “A saya.”

Na ba su mataccen geron, na karɓi awakinsu. Ruwan shuka sau ɗaya ya sauka da kyau a shekarar. Suka shuka, gonaki suka tsaya fayau.

Jandarmomi suka kama ni. A gidan kaso ba wanda ya taɓa zuwa ya kira sunana a ƙofa. Da na fito na je neman gafarar Gwaggo Haule. Liman ya ce ta rasu, kuma tun daga waccan daminar ba wanda ya sake kai mata iri ta gwada. Na tuba, amma ba ta ji ba.

Yanzu ina karatun manya, da hannuna na rubuta wannan. Samari, sanin wanda ake jin maganarsa ba laifi ba ne, kowane ɗan kasuwa yana neman sani. Amma kada ku ari bakin mutumin kirki ku yi ƙarya da shi.

Ƙauyen ya rasa awakinsa da damina ɗaya. Ni na rasa matata, ɗiyata ta yi aure ban sani ba. Gwaggo Haule ta rasa maganarta.