Mai Maɓalli da Harshen da Ya Daina Jin Gishiri

A benenmu, hawa na biyu, ƙofar da ke kallon matakala, nan Mai Maɓalli take zaune da mijinta. Sunan daga wurin aiki ya biyo ta. Ma'aikatar ɗinki ce ta rigunan makaranta, inda kowa da nasa aikin: wani yanka, wani haɗa hannun riga, wani guga. Ita teburinta ne na ƙarshe, kusa da ƙofa. Ta huda gidan maɓalli, ta ɗinka, ta tsinke zare da haƙori, ta jefa riga a kwando. Tun tana amarya take wannan aiki har furfura ta fito mata.

Mu maƙwabta kuwa da tukunya muka san ta. In sanyi ya shigo, duhu ya fara yi da wuri, mutum ya dawo gida yana hura hannu, tun daga ƙofar ƙasa ƙamshin girkinta ke tarbar sa. Ba wani abin a-zo-a-gani take dafawa ba: wake da ƙashin saniya, ko dankali da albasa a romo mai kauri, wani lokaci kaza da citta. Da safe take jiƙa wakenta kafin ta fita. In ta dawo, ko rigar sanyi ba ta cirewa sai ta kunna wuta. Mijinta mai gyaran famfo ne, wuni yake hannunsa cikin ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Takan ce wanda ya wuni haka, ba a tarbar sa da abincin da ya huce.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta warware, ƙarfi ya dawo, amma hanci da harshe suka ƙi dawowa. Ta yanka albasa, hawaye na zuba, ba ta jin warinta. Ta ɗora gishiri a harshe, ta ji kamar yashi. Likita ya ce wasu yakan dawo musu, wasu kuma shi ke nan, sai dai a jira a gani.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da girki, in ta ɗanɗana ta ji salam sai ta ƙara gishiri. Mijin ya cinye, ya bi da ruwa kofi bayan kofi, ya ce, "Ya yi daɗi." Abin da yake faɗa ke nan tun ranar da aka kawo ta gidansa.

Babbar 'yarsu, wadda ke aiki a kantin magani kuma take aure a can wata unguwa, ita ta tona asirin. Ta zo gaisuwa, ta kai cokali ɗaya baki, ta ajiye.

"Mama, wannan gishirin fa?"

"Ya yi kaɗan ne?"

'Yar ta juya wurin uban. "Baba, tun yaushe kake cin wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Ai da zafinsa take ba ni."

A ranar Mai Maɓalli ta faɗa musu gaskiya.

Ba a jima ba aka yi mai gaba ɗaya. Ta ɗora wake, ta koma falo tana kama wa mijin wandon aiki da ya yage. Ruwan ya ƙone, tukunya ta kama, ita ba ta sani ba. Ni da nake zaune a hawa na sama na ga hayaƙi a matakala, na sauko da gudu na buga mata ƙofa. Da muka shiga kicin, gindin tukunyar ya koma gawayi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zuba masa ruwa ta ɗauko soson ƙarfe.

Washegari 'yar ta zo da shawararta a shirye. Za ta riƙa aiko musu da abinci daga gidanta kullum, tukunyar gas kuma a fitar da ita.

"Ba wai na ce ba ki iya ba ne, Mama."

"Abincin da zai hau mota ya ratsa gari cikin wannan sanyi? Kafin ya iso maiƙonsa ya daskare."

"Sai a ɗumama."

"Da wace wutar, in kin ɗauke?" Ta gyara zama. "Hancina ne ya tafi, hannuna na nan. Ki faɗi abin da kike tsoro mu gyara shi. Amma tukunyata ba ta sauka."

Suka ja, suka ja, har aka tsaya a kan sharaɗi: muddin wuta na ci, ba ta barin kicin. Ta jawo kujerarta ta ajiye tsakanin firij da taga, wurin da ko miƙe ƙafa ba a yi. Mijin ya canja tiyon gas, ya kuma ɗauki al'adar shafa masa kumfar sabulu kowace safiya, yana duba ko iska na fita.

Daga nan ta koma ɗalibar girki a kicin ɗinta. Ita da a da take dariyar masu awon gishiri, ta samo murfin kwalba ta mai da shi ma'auni. Ta koyi sauraron albasa a mai, yadda ƙararta ke sauka in ta kusa yin ja. Wake sai ta murje shi tsakanin yatsu, romo kuma ta ɗaga ludayi ta ga yadda yake zuba. Nama ko madara in ta yi shakka, sai in ji ta daga ƙasan matakala: "Maƙwabciya, ara mini hancinki."

Aikin da ya fi ba ta wahala shi ne mijin.

"Baban yara, daga yau an soke 'ya yi daɗi' a gidan nan. Ɗanɗana ka faɗa mini me ya rage."

Ya ɗanɗana, ya ɗaga kai yana kallon silin. "Kamar dai da saura."

"Sauran me?"

"To, nan fa ɗaya."

Ba ta gaji ba. Takan ɗebo romo a cokali biyu, ta barbaɗa wa ɗaya gishiri, ta matsa wa ɗaya lemon tsami, ta ce ya zaɓa. Haka suka yi ta yi har sanyin ya wuce, wani ya zo. Ran nan yana ci sai ya ce, "Albasar nan ba ta soyu ba." Ya tsaya da cokali a hannu, ya tsorata da bakinsa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe tsohon nan yana da harshe, ɓoye mini ya yi."

Abin da ba ta cika son a yi maganarsa ba shi ne nata cin. Komai a bakinta kamar jiƙaƙƙen tsumma yake, har ta rame, zobenta ya fara zamewa. Sai ta lura in ba ta ci ba shi ma ture kwanon yake yi. Ta nemi abin da ya rage mata, ta tarar tana jin zafin romo yana sauka a ƙirji, tana kuma jin cizon barkono da citta. Ta riƙa zuba nata daban ta cika masa yaji, ta zauna ta cinye tana share gumi.

Harshen bai dawo ba har yau, ta ma daina tambayar likita.

Bana, ranar da sanyi ya fi tsanani, ina zaune na ji ana buga mini ƙofa da ƙafa. Na buɗe na gan ta riƙe da tukunya naɗe da tawul, tana haki. Mijin na bayanta da ludayi da gwangwanin gishiri. Gas ne ya ƙare musu, dankali bai nuna ba.

Na ce, "Yaya, da kin bari ai na zuba muku nawa."

"Naki na yaranki ne. Matsa mini wuta ɗaya kawai."

Na sauke butar shayi na ba ta wuri. Ta ɗora tukunyar, ta ja kujerata ta zauna a gabanta, ta ce wa yarana su rage ƙarar talabijin tana son jin tafasa. Da ya nuna, ba wanda ya yi zancen sake sauka da tukunya mai zafi. Muka shimfiɗa ledar cin abinci a falona, ta zuba wa kowa, muka ci tare.