Gaurakan da Kakana Ya Gani

Ni ba mai haƙurin jira ba ce. A shagon hoton da nake aiki a Dutse fasfo nake ɗauka: zauna, ɗaga haɓa, kar ka lumshe ido, tashi. Shi ya sa ranar da kakana ya ce in kai shi ya ga gauraka, in kuma ɗauko masa hotonsa, na ce ya nemi wata.

"Wata wa, amarya? Ke kaɗai na aura a gidan nan."

"Auren ya mutu, Alhaji. Ango ba ido ba haƙori."

Ya yi dariya, amma Inna, mahaifiyata, ta harare ni, don zancen idon ba na wasa ba ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, gani ne ke tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, kuma kullum bututun ƙara matsewa yake. Ya ce in akwai abin da tsohon ke son gani, ya gani yanzu. Na zaci jikokinsa na Kano zai ce. Sai ya ce tsuntsu.

Kiwo ya yi da ƙuruciya, kafin shanun su ƙare ya dawo gari. Ya ce a fadamun da ke gaba da Kafin Hausa gauraki garke-garke suke sauka, da sassafe su yi ta rawa, suna tsalle suna buɗe fukafukai, har shanu su daina cin ciyawa su tsaya kallo. Ni a littafin firamare kawai na san gauraka.

Ƙarshen damina muka tafi. Mai shagonmu ya ara min babbar kyamara mai jawo nesa kusa, yayana ya ja mu a tsohuwar motarsa. Alhaji na gaba, gilashi a sauke, ya karkata kai waje. Tun daga Kiyawa ya fara.

"Tsaya. Kirinjijiya, ta hannun dama."

Kafin in fito in saita kyamarar, agwagin ruwan sun tashi. Sai ruwa da jelar guda ɗaya na samu.

"Me kika kama?"

"Ruwa."

"Ke ko kazar gidanmu aka ce ki ɗauka, sai ta tsere miki."

Haka muka yi ta yi har Jahun, shi yana ji, ni ina makara. A hankali na gane ba a fita da gudu, ba a buga ƙofa. Na sami zalɓe tsaye a ruwa kamar mai jiran bashi, na sami balbelu a bayan shanun wani. Duk wanda na ɗauka sai in kai masa allon kyamarar dab da ido, ya yi ta juya kai har hoton ya faɗo cikin ɗan abin da ya rage masa. Ya ce ba laifi, amma ba su muka zo nema ba.

Da muka isa fadamar tasa, shinkafa ce iyakar ganinka, ga injinan ban ruwa suna ta ɓarin hayaƙi. Ya fito ya dogara sanda ya daɗe a tsaye. Can ya ɗaga hannu.

"Kin ji?"

Ban ji komai ba sai inji.

"Can, can. Ɗauka!"

Na ɗauka inda sandar ta nuna. Da na jawo hoton, leda ce a kan kara, wadda manoma ke kafawa don korar tsuntsaye. Muka ƙara gaba, ya sake nunawa, na sake ɗauka, ba komai. Na ce, "Alhaji, babu gauraka a nan. Kunnenka ne."

"Suna nan. Nisa ne."

Bai yi fushi ba, kuma wannan ne ya tayar min da tsigar jiki. Fuskarsa irin ta wanda ake yi wa sallama daga waje ce, yana shirin amsawa. Mutumin da tun safe bai yi kuskuren tsuntsu ko ɗaya ba, ga shi yana sauraron abin da ni da yayana ba ma ji.

Muka kwana gidan dangi, da asuba muka koma bakin ruwa. Wani masunci da ke ɗaure kwalekwalensa ya ce shi rabonsa da gauraka a daji tun yana bin mahaifinsa su. Ya ce masu tarko sun kwashe su, gidajen masu hali ake kai su. Ya kwatanta mana wani gida a wani gari da ke kan hanyarmu ta komawa. Na ɗauka Alhaji zai ƙi. Sai ya ce mu je.

Masu gidan ba sa nan, mai gadi ya bar mu muka shiga saboda furfurar Alhaji. Tsakar gida ce shafe da tayil, da famfo, da doguwar katanga. Gaurakan na tsaye kusa da famfon, shi kaɗai. Ya fi yadda na zata tsayi, kuma ya fi kyau. Alhaji ya yi ta waige-waige bai same shi ba, sai na kama kansa da hannu biyu na juya shi. Ya taka a hankali har ya kai inda in ya miƙa sanda zai taɓa shi. Tsuntsun ko gezau.

"Ga tukkun nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ruwan zinare. Ga jan kumatun. Amarya, ina ganin sa."

Na ɗauki wannan. Da a nan muka tsaya da shi ke nan.

Sai ya jingine sandar a jikina, ya haɗa tafin hannuwansa a baki, ya yi wani kuka mai kauri kamar busar ƙaho. Ban taɓa sanin ya iya ba. Gaurakan ya miƙe wuya. Ya amsa, katangar ta dawo da amsar. Sannan ya rusuna, ya daka tsalle, ya buɗe fukafukai. Ɗaya ya buɗu gaba ɗaya, ɗayan guntu ne, an datse shi daga gaɓa. Ya karkace a sama ya faɗo ta gefe a kan tayil. Ya tashi, santsi na kwasar ƙafafunsa, ya sake tsalle, ya sake faɗuwa. Yatsana na kan maɓalli, kyamarar na ta ɗauka, na kasa ɗagawa.

Mai gadi na ta dariya. "Wallahi Baba, tun da aka kawo shi bai taɓa yin haka ba!"

Tsuntsun ya fice daga ɗan ganin Alhaji, yana ta neman sa da kai. "Ina yake? Me yake yi?"

Yayana ya taka min ƙafa. Na ce, "Rawa yake, Alhaji."

"Ba ki iya ƙarya ba, amarya. Fiffike ɗaya nake ji." Ya laluba ya karɓi sandarsa. "Ni na kira shi. Ku kai ni mota."

Har muka shigo Dutse gilashinsa a rufe yake.

Kafin wata daminar idon ya ƙarasa rufewa. Na wanke masa hoton farko, wanda tsuntsun ke tsaye, yana ajiye da shi ƙarƙashin buzun sallarsa. In 'yan dubiya suka tambaye shi ko ya ga gaurakan nasa, sai ya ce ya gani, alhamdu lillahi, ya kawo wani zancen. Sauran hotunan na kwashe su zuwa wayata, ban nuna wa kowa ba. Rannan ina ba shi fura ya riƙe hannuna ya ce, in na sami mai zuwa garin nan, a tambayo masa ko tsuntsun ya daina tsallen.