Baƙin da Na Wanke a Takobin Abokina

Shekarun baya, lokacin ina ƙasar Larabawa ina aikin ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar, na yi maƙwabtaka da wani mutumin ƙasar Filifin a unguwar International City. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Musulmi ne, daga mutanen kudancin ƙasarsu da ake ce wa Moro, kuma a masallaci muka saba. Shi ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na kasuwa ne, sai muka haɗu a Larabcin titi mai yalla da khalas, wato "mu je" da "shi ke nan". Ya ishe mu hira har shayi ya huce. Hajji yake ce mini, ni ina ce masa Injiniya.

Mutumin nan ba ya shan taba, ba ya yawo. Cutarsa ɗaya ce: tsofaffin takubban mutanensu. Ranar hutu sai ya bi shagunan tsofaffin kaya yana leƙe, domin masu shago kan jibge su cikin wuƙaƙen Oman ba tare da sanin asalinsu ba. In ya ga ɗaya sai ya ce, "Hajji, wannan ɗan gidanmu ne ya ɓata," ya saya ya kawo. Ruwan wasu a lanƙwashe yake kamar tafiyar maciji. Mariƙin kuwa an naɗe shi da azurfa, an yi mata zanen ganye da rassa masu naɗewa, siriri kamar da allura aka yi. Akwai guda da bai saya ba. Na kakansa ne, ya sa aka aiko masa bayan rasuwar mahaifinsa don kada 'yan'uwa su sayar.

Ni ɗan maƙeran fari ne. A gaban mahaifina na tashi yana ƙera mundaye da zobba, kuma a gidanmu azurfa ta yi baƙi abin kunya ne. Don haka duk sanda abokina ya buɗe takubban nan, ina yaba aikin da baki, amma hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Wata shekara mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya shirya tafiya gida. Ɗakinsu kullum ana sauya mutane, sai ya kawo mini akwatin takubban. "Hajji, amana." Na ce ya tafi hankali kwance.

Wata Juma'a bayan masallaci na buɗe don in duba ko tsatsa ta kama. Na ce a raina, wane irin aboki ne zai mayar da amana da dauɗa? Na jiƙa tsamiya, na samo toka wurin masu gasa nama, na ɗauki tsohon buroshin haƙori. Na zaɓi wanda ya fi kowanne baƙi, wato na kakan.

Abokin ɗakina, wani Kirista mutumin Jos mai aikin wutar lantarki, ya shigo ya tarar da ni na duƙufa.

"Baba, wa ya aike ka?"

"Kai dai tsaya wajen wayoyinka. Azurfa gadonmu ce."

"Gadonku ce, amma takobin ba na gidanku ba ne. Ranar da mai shi zai dawo ka gaya mini in ɗauki hutu, ina son in kalla."

Na kore shi da dariya, na ci gaba da goga har mariƙin ya koma fari fat, yana ɗaukar ido, zanen ganyen ma da ƙyar ake ganinsa. Wallahi har hoto na ɗauka don jin daɗi. Allah ya taimaka tsamiyar ta ƙare, ban kai ga sauran ba.

Da abokina ya dawo, mahaifiyarsa ta samu sauƙi, na miƙa masa takobin ina washe baki, ina jiran godiya. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya zauna a ƙasa.

"Hajji," ya ce, "ina kakana?"

Ban gane ba. Ya nuna mini wani wuri kusa da kan mariƙin. Ya ce nan babban yatsan kakansa yake zama, har wurin ya yi duhu daban. Ƙasa kaɗan kuma na mahaifinsa ne, don mahaifin bahago ne. Tun yana yaro yakan ɗora yatsansa a wurin ya gwada ko ya kai. Abin da na kira dauɗa gumin hannuwansu ne na shekara da shekaru.

Abokin ɗakina da ya ce zai kalla, sulalewa ya yi ya bar ɗakin.

Muka ɗau lokaci ba shayi ba hira, sai sallama a ƙofar masallaci. Na fid da rai ke nan, wata Juma'a aka ƙwanƙwasa. Shi ne, da takobin naɗe a tawul.

"Riƙe."

Na riƙe.

"Ba haka ba, Hajji, ba cokali ba ne. Matse. Kai ka cire hannun mutane, kai za ka mayar da hannu. Duk Juma'a, har ya yi baƙi. Yalla, ɗora shayi."

Haka muka yi ta yi har shekarar korona, da aiki ya tsaya abokina ya koma gida gaba ɗaya. Muna hira takobi na hannuna, in na gaji ya karɓa. Shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, azurfar ta fara dushewa, zanen ganyen ya sake fitowa. Ranar da na ɗaure masa kayansa da hannuna, ya duba mariƙin ya yi murmushi. Ya ce in 'ya'yansa sun tambayi hannun wa ke nan, zai ce na wani Bakano ne mai shisshigi.

Yanzu ina gida, tsufa ya zaunar da ni. Na san yatsan kakan nan ba zai dawo ba, kuma har gobe abin yana taɓa ni. Da kyakkyawar niyya na ɓata, ba kuwa abin da ya hana ni tambaya sai ganin na iya. Amma in Juma'a ta yi, na dawo masallaci na zauna, nakan ji tafin hannuna wayam, kamar na mance wani abu a wani wuri.