Atile a Bakin Mai Hoto

Duk wanda aka haifa a Kuru kafin zuwan waya mai hoto, to mai hoto Da Badung ne ya ɗauke shi. Ranar baftisma shi ne, ranar aure shi ne, hatta hoton da ake ɗorawa kan akwatin gawa daga hannunsa yake fitowa. Mutum ne mai tsawa a bakin aiki. Zai jera dangi, ya gyara wa wannan hula, ya ture wancan gefe, sannan ya kafa ido a kyamara ya daka musu tsawa: "Kar wanda ya motsa!" Ko fasto ne sai ya ƙame.

Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoto, shagonsa ya mutu a tsaye, kunnensa kuma ya fara nauyi. Da wani ne, da sai ya samu inuwa ya yi ta shan burkutu har ta Allah ta kasance. Shi kuwa sai ya ɗauko dogon gilashin da yake ɗaukar 'yan ƙwallo da shi, ya shiga ciyawar bayan gonar acca, wai tsuntsaye zai ɗauka. Ba ma shaho ko gauraka ba, a'a, 'yan mitsi-mitsin nan masu launin ƙasa da ke hawa kan tsinke su yi ta rera waƙa. Aka yi masa dariya har aka gaji.

Matarsa, Ngo Kaneng, ita ce kunnensa. Tun tana yarinya take korar tsuntsaye a gonar acca, ta san muryar kowanne. Idan damina ta ja baya ciyawa ta yi kai, sai su fita da hantsi su zauna kan wani falalen dutse, ita a hagunsa. Tana jin kuka sai ta nuna masa da leɓe, shi kuma ya auna. Amma kafin su zauna sai ta kwance bakin zane ta ciro atile ɗaya ta cusa masa a baki, ta ce kada ya tofar da ƙwallon sai sun tashi. Shi atile bai dame shi ba, sai dai auren da ya daɗe yana koya wa mutum abin da ba a musu a kai. Ya tsotsa, ya danna, ya juya ya nuna mata hoton a bayan kyamara. Bangon ɗakinsu ya cika da tsuntsaye, kowanne baki buɗe. Da haka yake jin waƙar da kunnensa ya daina kawo masa.

Farkon daminar bana aka binne Ngo Kaneng a bayan gida.

Da ciyawa ta yi kai, ya fita shi kaɗai. Ba ya ji, amma ya koyi kallon tsinken da ya lanƙwasa, don nan ne mai waƙar yake. Zai gan shi ƙarara, ya auna, ya danna, ya duba: tsinke ne kawai yana rawa, tsuntsu ya tafi. Yau haka, gobe haka. Ya zargi hannunsa, ya zargi kyamarar, daga baya ya fara cewa a ransa tsuntsayen nan dama don ita suke tsayawa. Wannan tunanin ya fi komai yi masa ciwo. Ya koma gida ba mai tambayarsa abin da ya samo, ya dafa gwate ya kasa ci.

'Yarsa Simi ta matsa ya koma wajenta a Jos, gidan sama, ɗaki mai taga ɗaya. Ya gaya mata idan aka yanke ciyawar jinka bana bai samu ko tsuntsu ɗaya ba, ta zo ta ɗauke shi, ta sayar da kyamarar. Ya faɗa ne kawai, amma barin dutsen nan da kabarin nan daidai yake masa da mutuwa.

Ana cikin haka ƙanwar matarsa, Ngo Yop, ta zo da lauje duba ko ciyawar ta isa yanka. Tsakaninsu dama wasa ne tun ranar da ya auri yayarta. Ta tsaya daga nesa ta kalle shi ya ɓata hoto uku, sannan ta matso ta sa baki a kunnensa.

"Mijinmu, bikin wa kake ɗauka?"

Ya ce ta bar shi, ba ya cikin raha.

"Tun daga rafi nake jin ka. 'Kar wanda ya motsa!' Wane tsuntsu ne zai tsaya? Ni kaina na kusa yar da lauje."

Ya rantse bai buɗe baki ba. Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsinke, ta zauna. Ta gaya masa Kaneng ta sani tun fitarsu ta farko. Tsawar ta bi jikinsa, tana fita bai ji ba, kuma Kaneng ta ce mutumin da aka riga aka yi wa dariya ba za ta ƙara masa kunya ba. Shi ya sa take jiƙa atile a ruwan ɗumi kullum.

Ngo Yop ta ce ciyawar ba ta gama bushewa ba, za ta dawo wani mako, alhali ta bushe ƙayau.

Washegari ya jiƙa atile da kansa, ya sa a aljihu. Ya zauna kan dutsen ya jefa ɗaya a baki. Can wani tsinke ya lanƙwasa. Ya auna, ya ji tsawar ta taso masa daga ƙirji, ta zo ta tokare da ƙwallon, ya danna. Ga shi nan kuwa, ɗan ƙaramin abu, wuya a miƙe, baki buɗe.

Bai san lokacin da ya juya hagu ya miƙa kyamarar ba. Ya daɗe riƙe da ita a haka, ƙwallon na bakinsa, don ba wanda zai ce masa an tashi.