Wadda Ba Ta da Wuri

Shekarar da muka bar Salaga muka koma Yendi ina firamare, kuma Kaka Hajara ce kaɗai ba ta yi kuka ba. Bayan magariba takan hura wuta a tsakar gidan da muka sauka, ta jera doya a kan garwashi, mu jikoki mu kewaye ta.

Wata rana na dawo daga famfo da bokiti wayam. 'Yan matan unguwa ne suka tare ni, suka ja zanena mai ruwan lemo, suka ce, "'Yar baƙi, ku da ba ku da wuri, har da ado?" Na cusa zanen ƙarƙashin tabarma, na ce ni da famfon nan har abada.

Kaka ta ji. Ta kwance bakin zanenta ta ciro tsohon wuri, farin ƙwanson nan na teku da ake yi wa ƙwarya ado da shi.

"Wuri suke nema? Ga wuri. Zauna, Takwara, ga ta nan tafe, jiƙe da ruwan gishiri."

"Ta zo mu ji," muka amsa.

Ta ce can bakin teku a Takoradi, inda ta taɓa raka kakanmu da goro, akwai ya da ƙanwa. Yayar tana da wuri a bayanta, abu kaɗan sai ta shige ta lafe. Ƙanwar kuwa katantanwa ce marar ƙwanso, ba ta kai yatsa ba. Ƙarƙashin duwatsu take zama, inda ruwa ke janyewa ya bar 'yan kududdufai. Abincinta wani soson ruwa mai ɗaci da kowa ya ƙi. Ta yi ta ci har ɗacin ya zauna mata a jiki. Sai ta caɓa ado: shuɗi, rawaya, ga jan tuntu a baya kamar fure.

"Kifi ya zo ya ce, 'Ke marar gida, ba kya ɓuya?' Ta ce, 'Ɗanɗana ka ji.'" Kaka ta yamutsa fuska kamar kifin ta tofar da yawu cikin wuta, muka fashe da dariya.

"To yayar fa?" na tambaya.

Ta ɗaga wurin. "Ga gidanta a hannuna, cikin buhu ya zo har Salaga. Ita tana ina? Ƙanwar kuwa da idona na gan ta, tana tafiyarta a hankali, ba ta nemi izinin kowa ba."

Washegari na ciro zanen, duk ya cukurkuɗe, na ɗaura. Sun faɗi maganarsu. Na ajiye bokitina a bakin famfo, ban matsa ba har ya cika.

Yau ina aure a Bawku, Kaka na kwance a Yendi, Allah ya haskaka kabarinta. Na daɗe ina zaton ado take koya mini. Sai da na girma na gane ɗacin take nufi, cewa abin da aka tilasta maka haɗiyewa, Allah na iya mayar maka da shi garkuwa. Ƙasa tasa ce, teku ma haka. Har yanzu akan samu wata a kasuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku asalinku ina ne?" Sai in gyara mayafina mai ruwan lemo in ce, "Nan da kika gan ni tsaye."